Busar da mangwaro don kasuwa: abin da aikin ya koya mana daga lambu zuwa kwantena

Duk wanda ya shiga Kasuwar 'Yan Lemo ta Kano a tsakiyar lokacin mangwaro ya ga tsibin da ake zubarwa bayan rumfuna, ƙudaje na binsa, alhali kwana uku kafin nan kuɗi ne a hannun wani. Wannan asarar ce take sa mutane da yawa su ce bari mu busar da shi mu sayar bayan kaka, ko mu fitar da shi waje. Tunani ne mai kyau, kuma mu ma da shi muka fara. Sai dai busarwar ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Mai saye na gaskiya abu biyu yake nema a wurinka: kwali na ɗari ya zama daidai da kwali na farko, kuma ka iya nuna masa a rubuce abin da ke cikin kayan da inda suka fito. Zan bi aikin yadda muke yin sa, tare da wuraren da ya fi lalacewa.

Abu na farko shi ne iri. Mangwaronmu na gargajiya mai zare, duk zaƙinsa, ba ya yin busasshe na sayarwa, domin idan ruwan ya fita zaren ne yake saura, mai ci yana tauna yana zaro shi daga haƙora. Kasuwa ta fi son mai tsoka marar zare kamar Kent da Keitt. A Burkina Faso, wadda ta yi nisa a wannan sana'a a Afirka ta Yamma, musamman yankin Bobo-Dioulasso da Banfora da Orodara, suna fara kaka da Amélie mai ɗan tsami, su rufe da Brooks wanda yake nuna a makare. Kafin ka yi ciniki da mai lambu a kan kowane iri, ko da sunansa ya yi maka daɗi, ka sayi kwando ɗaya ka busar, ka ajiye shi wata guda, ka ga launinsa da taushinsa. Kuma kada ka haɗa iri biyu a zubi ɗaya. Ba sa bushewa lokaci guda, ba sa fitar da launi guda.

Muna sayen mangwaro da ya ƙosa amma bai nuna ba, wanda aka tsinka da hannu ko da sanda mai jaka a baki. Wanda aka kaɗo ya faɗi ƙasa ya riga ya samu rauni a ciki ko da ido bai gani ba, wurin kuma baƙi zai yi a na'urar busarwa. A kiret na roba muke ɗaukowa, ba a buhu ba. Sai mu shimfiɗa shi a ɗaki mai iska, kwana huɗu zuwa bakwai, kullum da safe a zaɓe wanda ya kai. Lokacin yanka shi ne sa'ad da ya yi launi a ciki, ya yi zaƙi, amma yatsa bai nutse a jikinsa ba. Da ƙaramin ma'aunin zaƙi na hannu, wanda ake ɗiga masa ruwan mangwaron a duba, muna neman daga 14 zuwa 18. Ƙasa da haka yakan fito fari-fari, da tsami da tauri. Sama da haka yakan lugwigwice a hannun mai yanka, ya manne a raga, ya fito ruwan ƙasa.

Kabaid, wato sinadarin masu walda da wasu ke nunar da 'ya'yan itace da shi, ba ya shiga wurinmu ko kaɗan. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha yin gargaɗi a kansa saboda gubar da ke tare da shi. Ban da lafiya ma, mangwaron da aka nunar da shi bayansa ne kawai yake yin rawaya, cikinsa bai yi suga ba, don haka busasshensa ba ya da ɗanɗano. Wannan ne babban dalilin da ya sa muke sayen ɗanye mu nunar da kanmu.

Wani abokin gaba shi ne ƙudan 'ya'yan itace, wanda yake huda ɓawo ya zuba ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe a ciki. Yana ƙaruwa sosai da zarar ruwan sama ya sauka. A farkon kaka abin da muke warewa kaɗan ne, amma bayan ruwa biyu ko uku, sai ka yanka mangwaro mai kyan gani ka tarar da wani sashe ya yi laushi ya yi ruwa-ruwa, da fararen tsutsotsi. Saboda haka farashin da ka biya a watan Afrilu da wanda ka biya a watan Yuni ba a kwatanta su kai tsaye, sai ka haɗa da yawan abin da za ka zubar.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi kafin ya sayi na'ura. A cikin kilo 100 na mangwaro, kusan kilo 10 yakan tafi wurin tsincewa. Ɓawo da ƙwallo da gyare-gyare su ɗauke kusan 40. Saura kilo 50 na yankakke, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Bayan busarwa sai ya koma kilo 9 zuwa 10, idan aka ware guntaye da waɗanda suka yi duhu, mai daraja ta ɗaya ya tsaya wajen kilo 7 ko 8. Wato kilo 12 zuwa 15 na ɗanye ne ke ba da kilo ɗaya na sayarwa. Na'urarmu mai gas kuma tana cin kusan kilo ɗaya ba kwata na gas a kan kowane kilo na busasshe. Wanda bai saka waɗannan biyun a lissafinsa ba, sai kaka ta ƙare zai gane cewa kyauta ya yi wa mai saye aiki.

Wanki sau biyu ne: ruwan farko na cire ƙasa da danƙon da ke tsiyayowa daga hancin mangwaron, na biyu da ɗan kulorin, miligiram 50 zuwa 100 a lita, sannan a ɗauraye da ruwa mai tsabta. Wankin nan na ɗan itacen ne da ɓawonsa, ba na yankakke ba. Kada a cika kulorin da tunanin ƙarin tsabta, kuma kada a yi amfani da tsohon ruwan bilic da ya daɗe a rana, domin yana barin wani saura da ake kira kuloret, wanda Tarayyar Turai ta sa wa iyaka tun 2020, kuma ɗakunan gwaji suna nemansa.

Fera da yanka da wuƙar bakin ƙarfe marar tsatsa ake yi, a kan teburin da ba katako ba. Wuƙar maƙera tana baƙanta tsokar nan take. Kaurin yanka milimita 6 zuwa 8, kuma a nan ne hannun ma'aikata ya fi tasiri: idan ɗaya tana yanka siriri ɗaya tana yanka mai kauri, a tire guda za ka samu wanda ya ƙone da wanda cikinsa ɗanye ne. Mun saba ajiye yanki ɗaya na misali a gaban kowace mai yanka. Daga wuƙa zuwa na'ura kada ya wuce rabin awa, don da zarar iska ta taɓa shi ya fara sauya launi. Ana jera shi a raga falle ɗaya, kada wani ya hau wani, kilo 5 zuwa 6 a kowane murabba'in mita.

Game da shanya a rana, na san ita ce ke fara zuwa a zuciya, tunda rana ce muke da ita kyauta. Don ci a gida babu laifi. Don sayarwa kuwa ba ta yi. Tana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, da dare kayan su sake jawo laima su fara tsami, ga ƙura, ga ƙuda, ga ƙadangaru da tsuntsaye da kaji, waɗanda kashinsu ne hanyar da ƙwayar salmonela take shiga abinci. Mai saye a Turai yana so a gwada giram 25 a ce babu ita sam. Na'urar rana mai rufi ta fi, amma irin da suka fi daraja sukan nuna ne lokacin da hadari ya fara haɗuwa. Shi ya sa masu sana'ar a Burkina suka daɗe suna aiki da na'urar gas mai kama da kabad da ake kira Atesta, daga baya manyansu suka koma doguwar na'ura mai fanka wadda ake tura kekunan tire a cikinta.

Zafin da muke bi: digiri 65 zuwa 70 a awa uku ko huɗu na farko, lokacin da ruwa ke fita da yawa, sai a sauko 55 zuwa 60 har ƙarshe. Gaba ɗaya awa 16 zuwa 22. Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko ɗaga wuta don a gama da wuri: bayan yankin ya bushe ya yi tauri kamar fata, ya kulle ruwan a ciki, ka taɓa ka ce ya yi, bayan mako biyu ka ga gumi a cikin leda. Na biyu toshe hanyar iska don a riƙe zafi. Iska ce take kwashe danshin, idan ba ta fita ba dafa mangwaron kake yi. A na'urar kabad dole a riƙa sauya wa tire wuri duk bayan awa biyu ko uku, na ƙasa ya koma sama, a juya gaba ya koma baya. Harshen wutar gas kuma shuɗi ya kamata ya zama. Idan ya yi rawaya yana hayaƙi, warin zai kama kayan kuma ba ya fita.

Busasshe mai kyau yana lanƙwasuwa bai karye ba, idan ka yaga shi ka matsa ba ka ganin ruwa, idan ka dunƙule yanki biyar a tafin hannu ka sake sai su rabu. Amma hannu ba hujja ba ne wurin mai saye. Ma'aunin da hukumar UNECE ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara na busasshen mangwaro ya ce wanda ba a sa wa maganin adanawa ba kada danshinsa ya wuce kashi 15 cikin 100. Mu muna tsayawa tsakanin 12 da 14. Bayan an sauke, a bar shi ya huce sarai, a zuba a manyan robobi masu murfi na kwana biyu ko uku domin danshin ya daidaita tsakanin yanki da yanki, sannan a tsince a ɗaure. Ɗaure shi da ɗumi shi ne gajeriyar hanyar samun fumfuna.

Yanzu maganar launi, wadda take raba kasuwar kashi biyu. Busasshen mangwaron da kake gani rawaya shar a kanti, yawancinsa an tsoma shi ne a ruwan sodiyom metabaisalfait, garin adanawa da ake kira salfait a taƙaice, kafin busarwa, giram 5 zuwa 10 a lita, na 'yan mintoci. Halal ne a doka, amma da iyaka. A Tarayyar Turai, mangwaro da abarba suna rukunin da bai kamata salfait ɗinsa ya wuce miligiram 500 a kilo ba, busasshiyar ayaba 1000, busasshiyar kwakwa 50 kacal. Da zarar ya haura miligiram 10 a kilo kuma, wajibi ne a rubuta shi a jikin leda, saboda yana tayar wa masu asma ciwo. Inda ake faɗawa rami shi ne a ci gaba da ƙara garin a cikin ruwan tsomawa da ido ba tare da sikeli ba. Dokar abincin da aka noma ba da sinadari ba, wato oganik, ta hana salfait a busassun 'ya'yan itace gaba ɗaya, kuma a wannan ɓangaren ne Afirka ta Yamma ta fi suna. Filifin da Tailan sun fi ƙarfi a mai suga, mai taushi kamar alewa. A ganina ƙaramin mai sana'a bai kamata ya yi gogayya da su a can ba. Ƙarfinmu yana wurin mangwaro zalla, ba suga ba ƙari. A kwastan ma ba layinsu ɗaya ba: zalla yana ƙarƙashin lamba 0804.50 tare da ɗanye, wanda aka jiƙa da suga kuwa yakan koma babi na 20, harajinsa daban.

Marar salfait yana da sharaɗi: zafi yana duhunta shi. Kwalin da ya fito ruwan lemo, idan ya yi wata biyu a shago mai rufin kwano a Kano ko Maraɗi, zai koma kalar dabino. Ba ya cutarwa, amma ya sauka daga daraja ta ɗaya. Ajiya mai kyau ita ce ɗaki mai sanyi ƙasa da digiri 10, ba haske, kwalaye a kan katako nesa da bango, jigila kuma a kwantena mai sanyi. Ɗaurin sari muna yin sa a ledar abinci mai kauri, kilo 2 ko 5, a liƙe da na'ura, a jera a kwali. Akwai kuma wani ƙaramin malam-buɗe-littafi da ke bin busassun kaya, yana zuba ƙwai tun a ɗakin tsincewa, sai an buɗe kwali a ga tsutsa da saƙa kamar yanar gizo-gizo. Maganinsa raga a tagogi, tsabta, da saka ɗaurarrun kayan a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili na kwanaki kafin su tafi.

Kada kowa ya ba ka shawarar fesa maganin ƙwari a ɗakin ajiya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda sinadarin dikulobos, irin wanda ke cikin ota-fiya-fiya, kuma an yi ta tsawaita dakatarwar shekara da shekaru. Riɗin Najeriya ma yana cikin kayan da ake tsananta wa bincike a can saboda salmonela. Ma'ana, kayanmu suna isa tashar jirgin ruwa ne ana musu kallon tuhuma tun kafin a buɗe, kuma duk abin da aka kama a ƙasa ɗaya ana shigar da shi tsarin sanarwa na RASFF, sauran ƙasashen su gani a ranar.

Iyakokin da suka fi shafar mu a Turai ba su da yawa, ana iya haddace su. Dokar 2023/915 ta ce a busasshen ɗan itace irin su mangwaro da za a ci kai tsaye, gubar fumfuna afulatoksin B1 kada ta wuce maikrogiram 2 a kilo, jimillar nau'o'in afulatoksin kada ta wuce 4. Okaratoksin A, wata gubar fumfunar, tun farkon 2023, maikrogiram 2 ne a kilo ga irin su mangwaro da abarba. Ragowar maganin feshi yana ƙarƙashin dokar 396/2005, inda duk maganin da ba a ware masa iyaka ba ake ɗaukar miligiram 0.01 a kilo, wato kusan babu. A nan akwai abin da mutane ba sa lura da shi: busarwa tana tattara ragowar magani. Abin da ke cikin kilo biyar na yankakke ya dunƙule a kilo ɗaya. Doka ta yarda a yi la'akari da hakan wajen lissafi, amma kai ne za ka kawo hujja. Shi ya sa takarda take farawa daga lambu. Kowane mai lambu da muke saye a wurinsa yana da lamba da shafi: me ya fesa, yaushe, kwana nawa kafin tsinka. Sau da yawa ba mangwaron ma aka fesa ba, kayan lambun da aka shuka a ƙarƙashinsa ne, iska ta ɗauko. Kowane zubi yana ɗauke da lambar lambu da ranar yanka da lambar na'ura, kuma wannan lambar ce take bin sa har jikin kwali. Idan gwaji ya nuna matsala, zubi ɗaya za ka cire, ba kwantena ba.

Gwajin a ɗakin gwaji mai shaidar ƙwarewa ta ISO 17025 ake yin sa, in ba haka ba mai saye ba zai karɓa ba. Samfurin kuma a ɗebo shi daga kwalaye da yawa a haɗa, ba a zaɓo mafi kyau ba. Haka samfurin da za ka aika wa mai saye: ka aika matsakaicin abin da za ka iya maimaitawa, domin da shi za a auna duk abin da ya biyo baya. Manyan masu saye a Jamus da Holan da Birtaniya suna neman tsarin HACCP, wato tsarin gano wuraren haɗari a aikin abinci da kiyaye su, a rubuce, da yawansu kuma sai da shaidar ingancin masana'anta ta BRCGS ko IFS ko FSSC 22000. Amurka tana da nata tsarin: rajistar masana'anta da hukumar abinci da magunguna ta FDA, sanar da ita kafin kaya su iso, kuma dokar FSMA ta 2011 ta ɗora wa mai shigo da kayan nauyin tantance wanda ya sayar masa, don haka tambayoyinsa ba sa ƙarewa.

A gida Najeriya, jerin ya fara da rajistar kamfani a CAC, sai rajistar kayan a NAFDAC, wadda ake sabuntawa duk shekara biyar. Masu dubawa suna kallon yadda aiki ke tafiya hanya ɗaya, daga wurin karɓar ɗanye zuwa wurin ɗauri ba tare da komowa baya ba, da ingancin ruwa, da gwajin lafiyar ma'aikata, da wurin wanke hannu, da abin da aka rubuta a leda: sunan kaya, abin da ke ciki, nauyi, adireshi, lambar zubi, ranar yi da ranar ƙarewa. Kada ka buga leda dubu goma kafin su amince da rubutun. Don fitarwa kuma akwai rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, cike fom ɗin fitar da kaya na NXP ta banki, takardar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan gona ta NAQS, takardar fitarwa daga NAFDAC, da harajin NESS na rabin kashi ɗaya cikin 100 na darajar kayan. Kuɗin cinikin kuma Babban Banki yana so su dawo cikin kwana 180.

Sai batun yawa, wanda shi ne yake tsayar da mafi yawan masu farawa. Ka ɗauka mai saye ya ce yana son tan 10. Wannan kusan tan 125 ne na ɗanyen mangwaro. Idan kakar kwana 90 ce, kana bukatar fitar da kilo 110 na busasshe kowace rana ba fashi, alhali ƙaramar na'urar kabad kilo 20 take bayarwa a zubi. Na'ura shida ke nan dare da rana, da masu yanka, da gas, da kuɗin sayen kaya a hannu, ga shi kuɗin mai saye sai bayan watanni. Saboda haka shawarata ga mai farawa ita ce shekara biyun farko ya yi su a kasuwar gida: ƙananan leda na giram 50 da 100 a manyan kantunan Kano da Kaduna da Abuja da Legas, da masu haɗa kayan tsaraba, da lokacin azumi da ake neman abin buɗe-baki kusa da dabino. A nan zai san ainihin kuɗin da kilo ɗaya ke ci masa, ya ga yadda kayansa ke yi bayan wata shida a kan kanta, ya tara sakamakon gwaji na zubi da yawa da zai nuna wa baƙo. Idan lokacin fita ya yi, ya fi sauƙi a haɗu mutum huɗu ko biyar a kan ma'auni ɗaya na yanka da danshi da ɗauri a cika kwantena tare, ko a sayar wa babban mai fitarwa da ya riga ya mallaki shaidu.

Na'urar kuma kada ta kwanta wata tara tana jiran mangwaro. Bayan kaka muna shiga abarba da kwakwa da ayaba. Abarba tana ba da ƙasa da mangwaro a nauyi, ruwanta kuma yana cin hannu, dole masu yanka su sa safar hannu. Albasa da barkono da citta kuwa kada su shiga na'urar da ake busar da 'ya'yan itace, domin warinsu yana kama raga da bango, ya fito a zubin farko na mangwaron baɗi.